Taƙaitaccen Tarihin Nana Asma'u 'Yar Shehu

An haifi Nana Asma'u, ɗiyar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Degel cikin shekarar 1793. Ta tashi a gidan karatu, ta haddace Alƙur'ani, ta kuma ƙware a Larabci da Fillanci da Hausa.

Bayan jihadi, ta lura matan karkara ba su jin Larabci, ga kuma bori ya yi musu katutu. Sai ta mai da wa'azi waƙa cikin harshensu, har ta juya waƙar Shehu, Tabbat Haƙiƙa, daga Fillanci zuwa Hausa a 1831. Ta zaɓi dattijan mata su kai karatu ƙauyuka, ana kiran kowaccensu jaji, sunan da fatake ke ba jagoran ayari. Ta ɗora musu malfa, wadda a da alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori. Da haka suna da suturar da jama'a suka saba da su suka koma hidimar ilmi. Almajiransu kuwa su ne 'yan taru.

Ta rasu a Sakkwato a 1864. Mu da muka fara jin addini daga bakin iyayenmu mata, haƙƙinta yana wuyanmu. Allah Ya jiƙanta, Ya ba mu ikon koyi da ita, amin.