Sista Kenny, Matar Da Ta Koya Wa Tsoka Aikinta

Yau ga tarihin wata mace 'yar ƙasar Ostireliya, wadda ta yi shekaru tana jayayya da manyan likitoci a kan yadda ya kamata a yi jinyar yaran da shan inna ya kama. Sunanta Elizabeth Kenny.

An haife ta cikin 1880 a garin Warialda, ta girma a ƙauyen Nobby na jihar Queensland. Tana budurwa ta faɗo daga kan doki ta karye a wuyan hannu. Likitan da ya duba ta a Toowoomba, Dokta McDonnell, shi ya ba ta aron littattafan da ke bayanin ƙashi da tsoka, ta duƙufa a kansu. Takardar shaidar aikin nas kuwa ba ta taɓa samu ba, a hannu ta koya. Laƙabin Sista a Yaƙin Duniya na Farko aka ba ta, cikin 1917, tana jinyar sojoji a jiragen ruwa.

To, kun san kowace gaɓa tsoka biyu ke juya ta, kamar mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke. In ɗaya ta ɗaure ta ƙi saki, ɗayar kuma ta yi sanyi, sai gaɓa ta karkace. Likitocin wancan zamani dabararsu ita ce a ɗaure yaro da katako da filasta wata da watanni, kada ya motsa. Sau da yawa in an kwance, sai a tarar gaɓar ta sandare.

Ita kuwa gashi take fara yi. Takan tsoma yankin bargon ulu a ruwan zafi, ta matse, ta nannaɗe wurin har tsokar da ta ɗaure ta saki. Sa'an nan ta kama ƙafar tana lanƙwasawa a hankali, ta ɗora yatsa bisa tsokar da ta daina aiki, ta sa yaron ya tattara hankalinsa a nan har ya ji ta motsa. Ba ta yarda ya yi wayo ya jawo wata tsoka ta yi aikin da ba nata ba, domin in jiki ya saba da haka, gyara yakan yi wuya. Wannan fa ya shafe mu, ko ba ciwo. Wadda kullum ƙugu ɗaya take saɓa yaro, ko hannu ɗaya take ɗaukar bokiti, in za ta motsa jiki gara ta fara sassauta gefen da ya ɗaure, kana ta ƙarfafa mai rauni, a hankali.

Cikin 1938 kwamitin binciken da gwamnatin Queensland ta kafa ya soki hanyarta. Ba ta karaya ba, ta tafi Amurka cikin 1940, likitocin birnin Minneapolis suka ba ta dama. Cikin 1942 aka buɗe cibiya mai sunanta a can, 1946 aka yi fim a kan rayuwarta, 1951 kuma da aka ji ra'ayin Amurkawa ita ta zo ta ɗaya cikin matan da suka fi girmamawa.

Gaskiya dai mace ce mai kafiya, ba ta son gyara, kuma ba duk bayaninta ne daidai ba. Ƙwayar cutar jijiyoyin cikin lakar baya take kashewa, gashi ba ya tayar da su. Amma yaran da ta yi wa jinya sun sami sauƙin zogi, gaɓoɓinsu ba su sandare ba, a ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba ta yi aure ba, sai wata yarinya Mary da ta riƙa. Ta rasu a Toowoomba ran 30 ga Nuwamba 1952, aka binne ta a Nobby, shekara 3 kafin a fara allurar rigakafin shan inna cikin 1955.