Malam Aminu Kano, Malamin Makarantar Da Ya Yi Siyasa Ba Da Dukiya Ba

Mu da ke zaune a Mararaba, bakin Abuja, kusan dukanmu mun san Titin Aminu Kano da ke Wuse, gama da yawa daga cikin iyayenmu da yayyenmu can su ke zuwa aiki kowace safiya. Wanda ya taɓa zuwa Kano kuwa ya ga filin jirgin sama da babban asibitin koyarwa, duka da sunan mutumin nan. Amma in ka tsai da ɗalibi ka tambaye shi ko wane ne Aminu Kano, abin da zai ce maka bai wuce wani ɗan siyasa ne na dā ba. Saboda haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana na wannan kwaleji labarinsa. Malamin makaranta ne irin wanda mu ke fatan zama, har ya koyar a kwalejin horon malamai irin tamu. Ya kuma yi shekara 33 cikin siyasa, ya shiga ba shi da dukiya, ya fita ba shi da ita. A wannan zamani da ba a maganar zaɓe sai da maganar kuɗi, labarin irin wannan mutum abin dubawa ne ƙwarai.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ran 9 ga Agusta, 1920. Ubansa, Malam Yusufu, malami ne masanin shari'a, daga zuriyar Genawa waɗanda aka sani da ilmi da alƙalanci. Ya yi karatun allo a gida, ya shiga makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, daga nan sai babbar kwalejin nan da aka taso da ita daga Katsina zuwa Kaduna. Ya fita cikin 1942, aka tura shi Midil ta Bauci ya koyar.

A Bauci ya gamu da mutum biyu waɗanda ba a ba da tarihin Arewa ba tare da su ba, watau Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur. Su da waɗansu ma'aikata suka kafa taron tattaunawa, inda a kan zauna a yi muhawara a kan mulkin En'e, da haraji, da aikin tilas. Cikin 1946 aka aika da shi Ingila, ya yi shekara guda yana koyon dabarun koyarwa a Jami'ar Landan. Da ya komo ya tsaya a kan kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, cikin 1948. Maganganunsa suka dami hukuma, sai aka ɗauke shi daga Bauci aka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru, cikin Lardin Sakkwato. Can ya zauna har ƙarshen 1950, sa'an nan ya ajiye aiki.

Ya kamata mu lura da abin da ya bari. A lokacin nan mutumin Arewa wanda ya yi Kwalejin Kaduna, ya kuma je Ingila, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Albashi na jiransa, da girma, da fansho. Da ya yi shiru, da ba abin da zai hana shi babban muƙami a En'e ko a Gwamnati. Ya bar wannan duka ya shiga wata jam'iyya wadda 'yan samari takwas suka kafa a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, watau NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikin 1953 ya zama shugabanta.

To, domin mu gane abin da ya tarar, sai mu duba inda jam'iyyun wancan zamani su ke samun kuɗi. A Jihar Gabas, cikin 1956, an kafa kwamitin bincike na Foster-Sutton saboda kuɗin jama'a da aka zuba cikin wani banki wanda Dokta Azikiwe, shugaban NCNC, ke da hannu a ciki. A Jihar Yamma, cikin 1962, kwamitin Mai Shari'a Coker ya gano miliyoyin fam na hukumar cinikin amfanin gona sun bi ta wani kamfani sun faɗa asusun jam'iyyar Action Group. Watau gumin manoman koko shi ya zama kuɗin yaƙin zaɓe. A Arewa kuwa jam'iyyar NPC tana da abin da ya fi kuɗi ƙarfi: sarakuna, da hakimai, da dagatai, da alƙalai, da 'yan doka, galibinsu nata ne. Ɗan kasuwa mai neman rance daga hukuma, ko lasin na sayen gyaɗa, ya san ɓangaren da ya kamata a gan shi.

NEPU ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutanenta teloli ne, da mahauta, da 'yan koli, da ƙananan malamai, da manoma. Mutum ya kan sayi katin jam'iyya da kuɗinsa, a wurin taro kuma a yi karo-karo. Masu yawon wa'azin siyasa su kan tafi bisa keke ko bayan babbar mota, su sauka gidan ɗan jam'iyya, su ci abin da ya ci. Mawaƙa irin su Malam Mudi Sipikin suka riƙa tsara waƙoƙi, mutane na hardacewa suna kai su ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. Ga abin da ya fi ba ni mamaki: maimakon a biya mutum domin ya bi jam'iyyar, shi ne ke biya. Ba kuɗin kati kaɗai ba. Da yawa sun sha bulala, an ɗaure su, an kore su daga gonakinsu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da yawa saboda wannan tafiya.

Me ya riƙe su? A ganina koyarwa ce. Malam Aminu ya bar aji, amma bai bar malanta ba. In ya tsaya gaban taro, da Hausa mai sauƙi ya kan yi bayani, da misalai da ban dariya, kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya. Ya kan bayyana wa talaka cewa harajin da ya ke biya shi ne albashin hakimi da na ɗan doka, saboda haka yana da ikon ya tambayi inda kuɗin ya tafi. Ya nuna musu noman gandun sarki ba da lada ba zalunci ne. Ya tsaya a kan a sa 'yan mata makaranta, a kuma ba matan Arewa ikon jefa ƙuri'a, abin da ba su samu ba sai bayan shekara ashirin da wani abu. Mutumin da ya fahimci cewa kuɗin Gwamnati nasa ne, da wuya a ba shi sule biyu daga cikin kuɗin nan ya yi godiya.

Kada mu ɗauka hanyar nan ta kai shi ga nasara nan da nan. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rinjaye a matakan farko cikin birnin Kano, amma zaɓen hawa hawa ne, kuma an ba En'e izni ta ƙara nata mutane a hawan ƙarshe. Da aka gama, ko mutum ɗaya na NEPU bai tafi Majalisar Kaduna daga Kano ba. Cikin 1954 Malam Aminu ya tsaya takarar Majalisar Tarayya, Malam Maitama Sule ya kayar da shi. Sai cikin 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Ikko. A zaɓen nan NPC ta sami kujera 134, NEPU ta sami 8. Cikin 1964 ya sake rasa kujerar. Har wa yau, karo-karon talakawa bai isa ɗaukar nauyin jam'iyya a ƙasa mai faɗin Arewa ba, ga motoci, ga lauyoyin da za su fid da 'yan jam'iyya daga kurkuku. Dole NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC, ta riƙa samun taimakon kuɗi daga gare ta, abokan gaba kuwa suka sami abin gori, suna cewa 'yan amshin shatan Kudu ne. Wannan ya nuna mana ba a siyasa ba kuɗi sam. Abin tambaya shi ne daga ina su ke fitowa, kuma wa zai zo karɓar bashinsa bayan zaɓe.

Da soja suka karɓi mulki, Janar Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Tarayya cikin 1967. Ya riƙe ma'aikatar sadarwa, daga baya ta lafiya. Zamanin nan ne kuɗin man fetur suka fara kwararowa, mutane da yawa suka yi arziki dare ɗaya. Shi kuwa ya koma gidansa na Gwammaja kamar yadda ya fito.

Yana cikin waɗanda suka tsara tsarin mulkin 1979. A cikin tsarin nan aka sa dokoki domin a rage ƙarfin kuɗi: aka hana kowace ƙungiya in ba jam'iyya ba ta zuba kuɗi cikin yaƙin zaɓe, aka hana jam'iyyu riƙe kuɗin da aka aiko daga ƙasashen waje, aka kuma ce su riƙa kai lissafin dukiyarsu ga hukumar zaɓe. Cikin 1978 ya kafa jam'iyyar PRP, mai alamar mabuɗi. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta so ta hana shi takarar shugaban ƙasa a kan maganar takardun haraji, kotu ta wanke shi. A zaɓen 1979 ya sami ƙuri'a wajen miliyan 1.7, a Jihar Kano kuwa ya kwashe kashi 76 cikin 100, alhali NPN ta fi shi attajirai nesa ba kusa ba. PRP ta ci gwamna biyu, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, su kuwa suka soke haraji da jangali. Shukar da aka yi tun 1950, sai bayan shekara 29 aka ci 'ya'yanta.

Daɗin bai daɗe ba. Jam'iyyar ta rabu biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo, gwamnonin suka bi hanyarsu, aka kuma tsige Balarabe Musa cikin 1981. Ana shirin zaɓen 1983 Allah ya yi wa Malam Aminu rasuwa, ran 17 ga Afrilu, yana da shekara 62. Mutumin da ya yi ɗan majalisa, ya yi kwamishina, ya shugabanci jam'iyya mai gwamna biyu, bai bar kamfani ko jerin gidajen haya ba. Gidan nan na Gwammaja, wanda a ke kira Mambayya, Jami'ar Bayero ta mai da shi wurin nazarin dimokuraɗiyya.

Bayan rasuwarsa an yi ta ƙoƙarin ɗaure kuɗi da doka. Cikin 1989 Janar Babangida ya kafa jam'iyya biyu, SDP da NRC, Gwamnati ta gina musu ofisoshi ta ɗauki nauyinsu, wai domin kada attajirai su mallake su. Dokar zaɓe ta 2006 ta ƙayyade wa mai takarar shugaban ƙasa naira miliyan 500. Ta 2010 ta mai da shi biliyan 1, ta 2022 ta kai shi biliyan 5. Kullum iyakar sai gaba ta ke yi, kuma da wuya a ji an hukunta wani babba domin ya ƙetare ta. Cikin 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP ta sayar da tata miliyan 40. Mu da mu ke koyon koyar da lissafi, sai mu buga mu gani. Mafi ƙarancin albashi a shekarar nan naira 30,000 ne a wata. Ma'aikaci mai wannan albashi, in bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 277 da 'yan watanni kafin ya tara miliyan 100. Da haka a ke a zamanin Malam Aminu, da malamin Maru bai ko leƙa ƙofar takara ba.

Ban ce dokokin nan banza ne ba. Ana bukatarsu, ana kuma bukatar hukumar da za ta bi su da gaske. Amma doka ba ta shiga layin zaɓe ta riƙe hannun wanda aka miƙa wa taliya da sabulu da 'yan kuɗin cefane. Wanda ya sayi ƙuri'a kuwa ciniki ya yi, kuma ba ɗan kasuwar da ke zuba jari bai nemi riba ba. Ribar nan daga kuɗin ajin da ba rufi za ta fito, da allunan da ba a saya ba, da albashin malamin da a ke yi wa jinkiri. Watau mu ne za mu biya, mu da yaran da za a ba mu.

'Yan'uwana, ba a ce mu mai da aji dandalin jam'iyya ba, wannan ba aikin malami ba ne. Amma ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantun Karu, da Masaka, da Keffi, da ƙauyukan da ke bayansu, kowa da yara hamsin ko fiye a gabansa. Cikin shekara goma yawancinsu za su isa jefa ƙuri'a. In mun koya musu inda kuɗin Gwamnati ke fitowa, da yadda a ke tambayar shugaba cikin ladabi ba tare da tsoro ba, in kuma mun bar su su zaɓi monita da kansu ba wanda ya raba alewa, to, mun ɗauki darasin da malamin nan ya fara a Bauci da Maru. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya jiƙan Malam Aminu, ya ba mu ikon riƙe alli da gaskiya.