Tarihin Ibn al-Haytham, masanin da ya bayyana yadda ido ke gani

An haifi Abu Ali al-Hasan ibn al-Haytham a birnin Basra da ke ƙasar Iraƙi ta yanzu, a wajajen shekarar 965 miladiyya.

A zamaninsa, malamai da dama suna bin ra'ayin masanan Girka irin su Euclid da Ptolemy, masu cewa haske ne ke fita daga ido ya taɓa abu kafin a gan shi.

Ibn al-Haytham ya nuna cewa akasin haka ne: haske na tasowa daga jikin abu, ya miƙe ɗoɗar ya shiga ido.

Zamansa a Masar

Masana tarihi sun ruwaito cewa ya yi iƙirarin zai iya shawo kan ambaliyar kogin Nilu, lamarin da ya sa halifan daular Fatimiyya, al-Hakim, ya gayyace shi Alƙahira.

Da ya isa kusa da Aswan, sai ya fahimci aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamanin. An ce tsoron fushin halifan ya sa ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har 1021, shekarar da al-Hakim ya ɓace.

Ɗaki mai duhu

Tsakanin 1011 da 1021 ne ya rubuta Kitab al-Manazir mai juzu'i bakwai, wanda ya kafa hujjojinsa kan gwaji.

A wani gwajin, ya jera fitilu a gaban wata 'yar kafa da ke buɗewa cikin wuri mai duhu. Kowace fitila ta jefa haskenta daban a bango, kuma da ya rufe guda, sai nata hasken kaɗai ya ɓace. A kan wannan ƙa'ida kyamara take aiki.

Ya kuma yi nazarin madubai da yadda haske ke lanƙwasa cikin ruwa da gilashi.

An fassara littafin zuwa Latin a wajajen 1200, aka buga shi a birnin Basel a 1572. Roger Bacon da Johannes Kepler na cikin waɗanda suka amfana da shi, a ƙarnonin da aka ƙirƙiro tabarau da madubin hangen nesa a Turai.

Ya rasu a Alƙahira a wajajen 1040. A 2015, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa haske, an yi bikin cikar littafinsa shekara 1,000.