JULES VERNE: MARUBUCIN DA YA RIGA ZAMANINSA

An haifi Jules Verne a birnin Nantes na ƙasar Faransa ranar 8 ga Fabrairu, 1828. Mahaifinsa lauya ne, kuma burinsa shi ne ɗansa ya gaje shi, don haka ya tura shi birnin Faris karatun shari'a. Jules ya gama karatun, amma ya ƙi karɓar ofishin mahaifinsa, domin rubutu ya riga ya shiga ransa. Ya yi shekaru yana rubuta wasannin kwaikwayo da ba su kawo masa abin kirki ba, har sai da ya koma dillancin hannun jari don ya riƙe iyalinsa. Duk da haka bai daina zuwa laburare ba, yana karanta labarin ƙasa da kimiyya, yana rubuta abin da ya tsinta a ƙananan takardu.

A 1863 wani maɗaba'i mai suna Hetzel ya buga masa littafin da ya fito da sunansa. Labari ne na mutum 3 da suka ƙetare Afirka ta sama cikin wata ƙatuwar balan-balan, daga Zanzibar, suka bi ta Tafkin Chadi da Tambutu, suka sauka Senegal. Verne bai taɓa taka waɗannan wurare ba. Ya dogara ne da rahoton matafiya irin su Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851. Sai dai yadda ya siffanta mutanen Afirka cike yake da rainin da Turawan zamaninsa suke yi mana, kuma wajibi ne mai karatu ya lura da haka.

A 1865 ya rubuta labarin mutum 3 da aka harba zuwa wata daga jihar Fulorida ta Amurka. Abin mamaki, a 1969 daga wannan jiha kumbon Apollo 11 ya tashi da mutum 3. Ya kuma rubuta labarin Nautilus, jirgin da ke tafiya ƙarƙashin teku, da na Baturen da ya zagaya duniya cikin kwana 80. Akwai ma littafinsa a kan birnin Faris na ƙarni na 20 da Hetzel ya ƙi bugawa, wanda bai fito ba sai 1994.

A 1886 ɗan ƙanensa mai taɓin hankali ya harbe shi a ƙafa, ya bar shi da ɗingishi. Bai ajiye alƙalami ba har ya rasu a garin Amiens ranar 24 ga Maris, 1905.

'Yan'uwana ɗalibai, Verne ba boka ba ne, ba kuma duba yake yi ba. Karatu da lissafi ne suka nuna masa abin da ke tafe. Laburaren makarantarmu a buɗe yake, kuma da sandar da ke hannunka ake jifa.