Alhassan Ɗantata: Attajirin da dokar fitar da gyaɗa ta tsare a bakin ƙofa

A ranar 17 ga watan Agustan 1955 Allah Ya yi wa Alhaji Alhassan Ɗantata rasuwa a Kano, aka binne shi a unguwar Sarari. A lokacin ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Masu ba da tarihinsa sun fi tsayawa kan raƙuman azurfa da dalar gyaɗa. Amma akwai ɓangaren da ya fi shafar ɗan kasuwar yau, wato yadda ya yi rayuwarsa a ƙarƙashin dokokin da ke fayyace wanda ke da ikon fitar da kaya waje da wanda ba shi da shi.

Asali da ƙuruciya

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro. Kakansa Baba Talatin daga ƙasar Katsina ya taso da iyalinsa zuwa Madobi, mahaifinsa Abdullahi kuma ya zauna a Bebeji. Yana ƙarami mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa Amarya ta tafi fatauci Akra, babban birnin Ghana ta yau, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah laƙabin Ɗantata ya samo asali.

Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895 ya ritsa da shi yana saurayi. Mutanensa sun bi Sarki Tukur, ɓangaren da aka rinjaya, aka kama shi tare da 'yan'uwansa Bala da Sidi, sai da aka biya fansa suka kuɓuta. Daga nan ya rungumi fatauci gadan-gadan.

Hanyar Gwanja

Ko kafin zuwan Turawa, cinikin goro yana da ƙa'idoji. Sarakunan Asante ba sa barin fataken Hausa su shiga dajin da goro ke fita. A kasuwar Salaga ake tsayar da su, 'yan kasuwar fada su fara sayarwa kafin kowa. Wannan tsari bai sassauta ba sai bayan da Ingila ta ci Kumasi da yaƙi a 1874. A kan hanya kuma, kowane gari da kowace mashigar kogi akwai kuɗin da madugu zai biya kafin ayari ya wuce, tafiyar kuwa ta watanni ce.

A nan basirar Alhassan ta fara bayyana. Yana cikin na farko da suka ɗora huhunan goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Akra zuwa Ikko, daga can a yo Arewa da su. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, don haka duk ranar da aka rage a hanya riba ce, duk shingen da aka kauce masa kuma wata ribar ce.

Zamanin gyaɗa

Titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jigilar kaya a 1912. Turawa auduga suka sa rai za su samu, sai manoma da fatake suka lissafa suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jiragen ruwa, amma ba su san ƙauyuka ba. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya zama mai saya masa. Shi kuwa ya juya tsarin ayarin goro ya mayar da shi na gyaɗa: ya ba yaransa jari, su kuma su ba manoma bashi tun da damina, da kaka a auna a kan sikeli. Zuwa 1922 ya sha gaban manyan attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. A 1929, shekarar da aka kafa kamfanin UAC, bankin da a yau ake kira First Bank ya buɗe reshe a Kano, inda ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. A ƙarshe kusan rabin gyaɗar da UAC ke saya a Arewa ta hannunsa take bi.

Takardar da ta gagara

Duk da haka, iyakarsa ɗan tsakiya. Farashin da ake sayarwa a Libaful da ribar da ke tsakani na kamfani ne. Shi ya sa a 1940 ya nemi lasisin saye da fitar da gyaɗa da sunan kansa, daidai da UAC. Ba a ba shi ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya ɓarke, Ingila na matuƙar bukatar mai, musamman bayan da Japan ta mamaye ƙasashen Gabas mai Nisa. A 1942 gyaɗa ta shiga hannun hukumar kula da amfanin gona ta Afirka ta Yamma, wadda ita kaɗai ke fitarwa. Aka raba kason saye tsakanin kamfanoni bisa yawan abin da kowane ya fitar kafin yaƙi. A ido tsarin kamar adalci ne, amma wanda bai taɓa fitar da kaya da sunansa ba ba shi da kaso, ko da kuwa shi ya tara buhunan. Gumin Alhassan na shekara 22 a littafin wani aka rubuta shi.

Yaƙi ya ƙare, doka ba ta ƙare ba. A 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Ita ke yanke farashi kafin kaka, ita ke ba wakilan saye lasisi, ita kaɗai ke sayarwa waje. Sai a kakar 1953 zuwa 1954 Alhassan ya zama wakili mai lasisi, yana miƙa wa hukuma kai-tsaye ba ta hannun wani kamfani ba. Shekara 13 ke nan bayan buƙatarsa ta farko, abin da ya samu kuma bai kai abin da ya nema ba, domin ikon fitarwa ya riga ya zama na gwamnati. Bai cika shekara biyu da lasisin ba ya rasu.

Wa ya biya kuɗin?

Manomi ne a ƙarshen igiyar. Hukuma kan biya ƙasa da farashin duniya ta riƙe rarar, da hujjar tallafa wa manomi a shekarar da kasuwa ta faɗi, amma kaso mai yawa ya tafi ga ayyukan gwamnati. Manomin ƙasar Ruma da Safana, a gefen dajin Rugu, yana nesa da titin jirgi, kuma mai saye ɗaya doka ta bar masa. Ga shi Maraɗi, da ke ƙarƙashin Faransa, tana da nata farashin. Duk shekarar da farashin wani ɓangare ya ɗara, sai buhuna su bi jakuna su tsallaka iyaka da dare. Ita kanta dalar gyaɗar Kano da ake alfahari da ita, shaida ce ta cewa jirgin ƙasa ya kasa kwashe kayan a kan kari.

Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da noman, aka rushe hukumomin cinikin a 1986. Amma tambayar tana nan. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar a 2023, alhali Nijeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai a 2019. Ɗan kasuwar Jibiya da Batsari ya san cewa sanarwa ɗaya daga Abuja na iya mayar da halattaccen cinikinsa fasa-ƙwauri kafin gari ya waye.

Abin da ya bari

Alhassan ya yi aikin Hajji tun farkon shekarun 1920. An san shi da tsantseni da sauƙin rayuwa. Da ajali ya ƙarato, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyyar zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kada su wargaza kamfanin. Ahmadu da Sanusi da Aminu suka riƙe amanar. Aliko Dangote, ɗan Hajiya Mariya 'yar Sanusi, tattaɓa-kunnensa ne, kuma yau da sunan kamfaninsa ake fitar da siminti da taki da tataccen mai zuwa ƙasashen waje.

Ga mai shago a Kantin Kwari, tarihin na nuna cewa jari da amana ba sa isa sai an san doka, an kuma ajiye shaidar ciniki da sunan kai. Ga ma'aikacin da ke tsara ƙa'ida a ofis kuwa, ya dace ya tambayi kansa wane ne sharaɗinsa zai bari a waje.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan, Ya kyautata namu zuwan.