Malam Abdullahi na Gwandu da Kwanakin Farko na Hijira

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yalwata ta ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban masu hijira, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A wannan mako filin namu zai waiwayi rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu Mujaddadi kuma wazirinsa, wanda fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi take amsa sunansa. Galibi in an ambace shi, littattafansa ake tunawa, ko kuwa yaƙoƙin da ya shugabanta. Amma akwai wani gefe na tarihinsa wanda ya kamata a dube shi da kyau, watau shi mutum ne da ya ɗanɗana baƙunci, ya sauka a baƙuwar ƙasa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, abin da muke so mu gani shi ne yadda wannan bawan Allah da jama'arsa suka yi a makonnin farko bayan gida ya bar su.

An haifi Malam Abdullahi a shekarar 1180 ta Hijira, wajen 1766 ke nan, Shehu ya girme shi da kamar shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga wansa. Ya kuma yi karatu wurin malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da Malam Muhammadu ɗan Raji wanda ya karantar da su Sahihul Buhari. Shi da kansa ya jera sunayen malamansa cikin littafinsa Ida'un Nusukhi. Ya bi Shehu yawon wa'azi zuwa ƙasar Kabi, sa'an nan suka yi kimanin shekara 5 a Zamfara, kafin su zauna a Ɗegel cikin ƙasar Gobir. A nan jama'a ta taru, makaranta ta cika, baƙi suna zuwa daga kowace kusurwa.

Wannan cika ita ta tayar wa sarakunan Gobir hankali. Sarki Nafata ya yi doka ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau, al'amari ya ƙara tsanani, har aka kai wa mutanen Malam Abdussalami hari a Gimbana a ƙarshen shekarar 1803. Sa'ad da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita daga garin shi da iyalinsa kaɗai. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ya zaɓi ya tashi da duk wanda yake so ya bi shi. Cikin watan Zulƙida na shekarar 1218, daidai da Fabrairu 1804, suka bar Ɗegel. Malam Abdullahi a lokacin yana da shekara 38.

Kalmar hijira a Larabci asalinta ƙaurace wa abu ne da barinsa. Abin da suka bari kuwa ba kaɗan ba ne: gidaje, da rumbuna, da gonaki, da kushewun iyaye. Wani Buzu mai suna Agali ya taimaka da raƙuma aka ɗauki littattafai, Aliyu Jeɗo da mutanensa suka ba da kariya a hanya. Suka bi ta Kalmalo da Ruwawuri har suka sauka Gudu, can bakin iyakar Gobir ta yamma, tafiyar kamar mil 30, inda hannun sarki bai cika kaiwa ba. A yau Gudu ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. A wancan zamani kuwa daji ne na makiyaya, ba birni ba kasuwa.

Mai karatu ya dubi lokacin da suka sauka. Ƙarshen hunturu ne, bazara tana ƙaratowa, sauran wata huɗu kafin ruwan shuka ya sauka a wannan yanki, balle a yi zancen kaka. Ga mata, ga tsofaffi, ga yara ƙanana, cikinsu har da Nana Asma'u 'yar Shehu wadda ba ta wuce shekara 11 ba. Wata ɗaya da tashinsu Babbar Salla ta riske su a wurin da ba su san rijiyoyinsa ba. Sa'an nan kullum sai an ga sababbin masu hijira sun iso, har tsawon wata biyu ana zuwa. Yunfa ya umarci hakimansa su tare hanya su ƙwace kayan duk wanda ya nufi Gudu, saboda haka wani ya iso da iyalinsa da dukiyarsa, wani da iyali ba dukiya, wani kuwa daga shi sai rigar wuyansa.

A nan akwai bambanci da hijirar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta shekarar 622. Sahabbai sun tarar da gari a Madina, da gonakin dabino, da kasuwa, da Ansaru masu buɗe ƙofa. Annabi ya sauka gidan Abu Ayyuba, ya gina masallaci, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da 'yan gari, har Abdurrahmani ɗan Aufu ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa ya ci guminsa. Duk da haka zazzaɓin Madina ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilalu a kwanakin farko. Mutanen Gudu kuwa ba su tarar da gari ba. Wanda ya iso jiya shi ne mai masaukin wanda ya iso yau, ƙwaryar da ba ta ishi gida ɗaya ba ita ake raba wa gida uku.

Bayan yunwa sai tsoro. Mahayan Gobir suka shiga kai hari kan masu zuwa da ƙauyukan da ke goyon bayansu. Jama'a suka haƙa gwalalo suka kewaye mazauninsu. Yunfa ya aiko Shehu ya komo Ɗegel, Shehu ya gindaya sharuɗɗa, cikinsu har da tsayar da adalci da mayar wa mutane dukiyar da aka ƙwace, sulhu bai yiwu ba. Da abin ya kai haka, sai manyan jama'a suka taru suka ga cewa taro ba shugaba ba zai ɗore ba, ko da kuwa taron malamai ne. Suka zaɓi Shehu ya zama Amirul Muminina. Mubaya'a a Larabci tushenta ɗaya da ciniki, watau sa hannu cikin hannu a ƙulla alkawarin da ba a warwarewa. Mutum na farko da ya miƙa hannunsa shi ne Malam Abdullahi, sa'an nan Muhammadu Bello, sa'an nan Umaru Alkammu abokin Shehu, kana sauran jama'a. A gindin wata itaciyar faru aka yi wannan, kamar yadda aka ruwaito.

Wannan miƙa hannu yana da nauyi. Malam Abdullahi ɗan'uwa ne shaƙiƙi, malami ne wanda ba a ja da shi a nahawu da lugga, ga shi da almajiransa. Da ya tsaya jan aji, da an sami ɓaraka tun ba a je ko'ina ba. Da ya riga kowa, ba wanda ya sami bakin noƙewa. Daga ranar nan tarin 'yan gudun hijira ya zama al'umma mai shugaba, mai alƙali, mai limami. Wata huɗu da barin Ɗegel, ran 21 ga Yuni 1804, cikin watan Rabi'ul Awwal 1219, rundunar Yunfa ta gamu da jama'a a Tafkin Kwatto. Malam Abdullahi ne ya ja mutanensa, galibinsu 'yan baka a ƙasa, dawakinsu ba su wuce 20 ba, Allah kuwa ya ba su nasara. Ya ba da labarin wannan duka cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya rubuta a 1813.

Nasara ba ta cika ciki. Rashin abinci ya tashe su daga Gudu zuwa Magabci, kusa da Yabo. A ƙarshen shekarar suka sha kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, sa'an nan suka gangara Sabon Gari a Zamfara. A nan wata jarrabawa ta bayyana wadda ta fi ta abokan gaba wuya. Zamfarawa sun karɓe su hannu biyu, amma yunwa ta sa waɗansu daga cikin rundunar suka riƙa taɓa abincin talakawa, har zukatan masu masauki suka juya. Daga Sabon Gari ne Malam Abdullahi da Aliyu Jeɗo suka jawo runduna zuwa Kabi, Birnin Kebbi ya faɗi cikin Muharram 1220, watau Afrilu 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. A cikin shekarar nan jama'a ta ƙaura zuwa Gwandu, ƙasa mai fadama da albarkar noma.

Makonnin farko na Gwandu su ma ba su zo da sauƙi ba. Garin ba shi da ganuwa, ga taron Gobirawa da Azbinawa da Kabawa ya nufo su. Da runduna ta fita tarye, sai waɗansu suka faɗa wa wani gari da ke zaman amana da jama'a suka washe shi. Malam Abdullahi da Muhammadu Bello suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, ba a saurare su ba, har suka yi shawarar a koma gida, domin suna ganin rundunar da ta ci amana ba ta tare da nasara. Aka ci gaba, aka kuwa karya su a Alwasa, wadda ke ƙasar Argungu a yau, aka yi asarar rayuka masu yawa. Da ƙyar aka kare Gwandu kanta. Matsayin Malam Abdullahi a nan a fili yake: hijira ba ta halatta wa baƙo dukiyar maƙwabci, yunwa kuma ba ta goge alkawari.

Wannan damuwa ba ta bar shi ba. Wajen shekarar 1807, da ya ga son mulki da dawaki da manyan riguna ya shiga zukatan mutane da yawa, sai ya sulale daga runduna da 'yan abokan tafiya kaɗan, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Ya ratsa daji ya isa Kano, zamanin Sarki Sulaimanu. Ga shi baƙo kuma, ba runduna ba sarauta. Kanawa suka riƙe shi suka nemi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya zauna ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, wanda ya buɗe shi da hukuncin hijira. Guzurin da ba a iya ƙwacewa a hanya shi ya biya masa haƙƙin masauki. Daga nan ya haƙura ya komo wurin Shehu.

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 Shehu ya koma Sifawa, Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga kusa da shi. A 1812 aka danƙa masa kula da yammacin daula. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa Muhammadu Bello, sai ya koma Gwandu, aka ɗan yi zaman nesa-nesa, har ranar da Bello ya kawo masa gudunmawa a Kalambaina, ya kuwa yi wa ɗan wansa mubaya'a kamar yadda ya yi wa uban a Gudu. Sauran kwanakinsa ya ƙare su cikin karantarwa da wallafa. Tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i 4, har yanzu ana karanta shi a zaurukanmu, haka ma Bahrul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasinu a sarfu. Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245, daidai da 1829, hubbarensa yana can.

Adalci ne mu tuna cewa waɗanda suka fita daga Birnin Kebbi a 1805 su ma gida suka bari, su ma sun kwana a baƙon wuri da yara masu kuka. Zuriyarsu ce ta kafa sabuwar hedkwata a Argungu, Yakubu Nabame ya tsayar da ita da ƙafafunta a 1849. An daɗe ana gaba, har Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934 aka tabbatar da zumunci. Yau kuwa Gwandu da Argungu suna jiha ɗaya. Kwarin gulbin Rima, in an duba, jikokin masu ƙaura ne suka cika shi.

Saboda haka wannan tarihi namu ne a yau. 'Ya'yanmu suna fita neman ilmi da abinci zuwa Saudiyya da Masar da Gana da Turai, ga kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu suna shigowa garuruwanmu da tabarma a ka. Wanda ya sauka baƙuwar ƙasa, ya fara da neman masallaci da jama'ar kirki, kada ya zauna shi kaɗai. Ya nemi sana'ar halal tun kafin guzuri ya ƙare, ya kiyaye dokar masu gari da dukiyarsu, domin abin da baƙo ya shuka a watansa na fari shi 'yan'uwansa masu zuwa za su girba. Wanda kuma baƙo ya sauka a unguwarsa, ya tuna cewa kakanninsa sun taɓa neman inda rijiya take.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi da Shehu da sauran magabata, ya mayar da kowane baƙo gida lafiya, ko ya sanya masa albarka a inda ya sauka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.