Sarki Njoya, Mai Ƙago Baƙaƙe

Ibrahim Njoya, Sarkin Bamum ta ƙasar Kamaru, ya ga rubutun Larabci a hannun Fulani da fataken Hausa, sai ya ƙudura lalle mutanensa su sami nasu. Wajen 1896 ya soma da alamomi kusan 500. Ya yi ta tankaɗe da rairaya, har a 1910 suka koma 80, kowace da gaɓar da take wakilta. Ya kuma ƙago wa fadarsa ta Fumban harshen asiri, Shumom, ya sirka shi da kalmomin Turawa. Abin takaici, Faransawa suka tsargu, suka rufe makarantunsa. A 1931 suka kore shi zuwa Yawunde, can ya rasu a 1933.